Yadda Za Ka Fahimci OOP Da Wayarka, Ko Ba Ka Taɓa Gina Manhaja Ba

Duk wanda ya fara koyon gina manhaja, akwai inda yake zuwa ya ci birki. Makonnin farko abin yana tafiya sumul: ka koyi fito da rubutu a fuskar waya, ka koyi haɗa lissafi, ka ji kamar ka kama hanya. Sai wata rana malamin bidiyon ya rubuta `class`, ya biyo da `self` da `__init__`, daga nan kai ya ɗau zafi. Da yawa a nan suke ajiye karatun, su ce ai wannan sai wanda ya yi digiri a kimiyyar kwamfuta.

Abin bai kai haka ba. OOP taƙaitawa ce ta wani suna na Ingilishi da ke nufin gina manhaja bisa tsarin "abubuwa". Tunanin da ke ƙarƙashinsa guda ɗaya ne: ka haɗa bayani da ayyukan da aka yarda a yi wa wannan bayanin, ka ajiye su wuri ɗaya. Duk sauran manyan kalmomin da ke tsorata mutane rassa ne da suka fito daga wannan tushe. A wannan darasi za mu gina ƙaramar manhajar sayar da data da katin waya da yaren Python, kuma a kan waya za mu yi komai.

Kana amfani da shi kullum a wayarka

Buɗe inda kake ajiye lambobin mutane, ka danna alamar ƙara sabuwar lamba. Za ka ga fom babu komai a ciki: gurbin suna, gurbin lamba, gurbin hoto, gurbin imel. Wannan fom ɗin ba kowa ba ne, ba za ka iya kiran sa ba. Aikinsa kawai ya faɗi irin bayanin da kowace lamba za ta ƙunsa. Irin wannan tsari shi maginan manhaja ke kira kilas, kuma a cikin kod ana rubuta shi `class`.

Da ka cike fom ɗin da sunan yayanka ka adana, ka samar da objek. Ka sake cikewa da sunan abokinka, ka samar da objek na biyu. Fom ɗaya ne, amma lambobin da aka fitar daga gare shi za su iya kai dubu, kowace da sunanta da hotonta. Idan ka canza hoton yayanka, na abokinka ba ya motsi.

Yanzu shiga cikin ɗaya daga lambobin. Bayan suna da lamba, akwai maɓallai: kira, tura saƙo, toshewa, gogewa. Suna da lamba su ne sifofin objek ɗin, wato bayanin da yake riƙe da shi. Maɓallan kuma ayyukansa ne, waɗanda ake kira metod. Lura da cewa idan ka danna "kira" a cikin lambar yayanka, waya ba ta tambayar ka wa za ta kira, domin aikin yana manne da bayanin. Idan ka gane kalmomin nan huɗu, kilas da objek da sifa da metod, ka riga ka yi rabin tafiyar.

Daga ina tsarin ya fito?

A shekarun 1960 wasu masana biyu a birnin Oslo na ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suna son yaren da zai sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda abubuwa ke gudana a zahiri, kamar layin masu jiran a yi musu hidima. Suka ƙirƙiro yaren Simula, kuma a cikin zubinsa na 1967 ne kilas da objek suka bayyana. An ba su lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001 saboda wannan aiki. A shekarun 1970 kuma Alan Kay da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka suka gina yaren Smalltalk, inda komai objek ne. Bjarne Stroustrup ya fara saka kilas cikin yaren C a 1979, aikin da ya zama C++. Python ya fito a 1991 daga hannun Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan, sai Java a 1995.

Abin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne, duk hanyar da ka bi don gina manhajar waya sai ka haɗu da shi. Manhajojin Android da Java da Kotlin ake rubuta su, kuma tun 2019 Google ya fifita Kotlin. Na iPhone da Swift ake yin su, yaren da Apple ya fitar a 2014. Idan Flutter ka zaɓa, za ka tarar duk wani ɓangare na fuskar manhaja kilas ne a yaren Dart. Rubutun kowane yare daban ne, amma tunanin ɗaya ne, don haka abin da ka koya yau da Python zai bi ka duk inda ka koma.

Abin da kake buƙata kafin farawa

Sauke manhajar Pydroid 3 daga Play Store. Bayan ta gama sauka, za ka iya rubuta Python ka gwada shi ba tare da ka kunna data ba. Ka rubuta kod a farin filin, ka danna maɓallin kunnawa da ke ƙasa, sakamako ya fito.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata ka ɗan saba da su tukuna. Na farko ma'ajiya, wadda za ka ji ana kira bariyabul: suna ne da kake liƙa wa bayani, kamar `kudi = 500`. Na biyu sharaɗi, wato `if`: idan kaza ya tabbata, yi kaza. Na uku jeri da maimaici, wato tara abubuwa wuri ɗaya a bi su ɗaya bayan ɗaya da `for`. Na huɗu fankshin, wanda ake buɗewa da `def`: tarin umarni ne da aka raɗa wa suna don a riƙa kiran sa ba sai an sake rubutawa ba. Idan waɗannan baƙi ne a wajenka, ka ba su mako guda ko biyu. Wanda bai fahimci fankshin ba zai sha wuya da metod, domin metod fankshin ne da ke zaune cikin kilas.

Ƙaramar shawara kan sunaye: Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunan ma'ajiya, amma ba ya karɓar alamar da ke cikin kalma irin "ma'aikaci". Don sauƙin bugawa, a cikin kod za mu rubuta `kudi` babu lanƙwasa.

Matsalar da OOP ya zo warwarewa

A ce ka buɗe sana'ar sayar da data. Kwastomominka suna turo maka kuɗi ka ajiye musu, duk lokacin da suka sayi data ka cire. Hanyar da za ta fara zuwa maka ita ce:

```
suna1 = "Audu"
kudi1 = 5000
suna2 = "Hauwa"
kudi2 = 1200
```

Da mutum biyu babu damuwa. To idan suka kai ɗari biyu fa? Kana da ma'ajiya ɗari huɗu a warwatse, kuma babu abin da ya ɗaure `suna2` da `kudi2` illa lambar da ka sa da hannunka. Ranar da yatsa ya zame ka rubuta `kudi1` a gurbin `kudi2`, Hauwa ta sayi data da kuɗin Audu, kuma Python ba zai ce maka uffan ba, domin a wajensa lissafin daidai ne.

Matsala ta biyu ta fi wannan. Kowane layi a cikin manhajar yana iya taɓa kuɗin kowa. Idan wurare goma ke cire kuɗi, sai ka tuna ka rubuta "duba ko kuɗin ya isa" a duka goman. Ka manta wuri ɗaya, wani ya sayi data ta dubu biyar da asusun da babu ko sisi, kuma daga aljihunka asarar za ta fito.

Kilas ɗinka na farko

Rubuta wannan da hannunka, kada ka kwafa:

```
class Kwastoma:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.kudi = 0

    def saka_kudi(self, adadi):
        self.kudi = self.kudi + adadi

audu = Kwastoma("Audu")
hauwa = Kwastoma("Hauwa")

audu.saka_kudi(5000)
hauwa.saka_kudi(1200)

print(audu.suna, audu.kudi)
print(hauwa.suna, hauwa.kudi)
```

Idan ka kunna za ka ga `Audu 5000` a layi na farko, `Hauwa 1200` a na biyu. Bari mu bi shi daki-daki.

Layin `class Kwastoma:` shi ne fom ɗin da babu komai a ciki. A al'adar Python sunan kilas da babban baƙi yake farawa. Duk abin da aka matsar ciki a ƙarƙashinsa mallakar kilas ɗin ne.

`__init__` metod ne na musamman da Python ke kira da kansa duk lokacin da aka samar da sabon objek. Ɗauke shi a matsayin teburin rajista: duk sabon kwastoma sai ya biyo ta nan, a rubuta sunansa, a buɗe masa asusu da sifili. Kai ba ka kiran sa da sunansa. Da ka rubuta `Kwastoma("Audu")`, shi ke nan ya tashi aiki.

Sai `self`, wanda ya fi komai rikita masu farawa. Lokacin da kake rubuta kilas, ba ka san wane kwastoma ne zai zo ba, don haka kana buƙatar kalmar da ke nufin "wanda ake magana a kansa yanzu". Kamar kalmar "ni" ce: idan Audu ya ce "ni", Audu ake nufi, idan Hauwa ta ce "ni", Hauwa ake nufi. Da ka rubuta `audu.saka_kudi(5000)`, Python yana ɗaukar abin da ya zo kafin ɗigon, wato `audu`, ya miƙa shi a gurbin `self`, sannan 5000 ta shiga gurbin `adadi`. Shi ya sa metod ɗin ke da gurbi biyu amma kai abu ɗaya kawai ka saka a cikin baka biyu. Kuma shi ya sa kuɗin Audu ba zai taɓa faɗawa asusun Hauwa ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki: tun ranar farko kana amfani da objek ba ka sani ba. Rubuta `print(type("sannu"))` za ka ga `<class 'str'>`. Rubuta `print("sannu".upper())` za ka ga `SANNU`. Kalmar "sannu" objek ce, `upper` kuma metod ɗinta ne.

Yanzu mu shiga abubuwa huɗun da ake kira ginshiƙan OOP. Kada ka haddace su. Kowanne za mu kawo shi ne a daidai lokacin da sana'armu ta buƙace shi.

Killacewa

A bidiyoyin Ingilishi za ka ji ana cewa inkafsuleshan. Ma'anarsa ka kange bayani, ka bar ƙofa ɗaya da za a riƙa bi a taɓa shi. A kod ɗinmu na sama kowa na iya rubuta `audu.kudi = -9000` ya wuce. Mu gyara:

```
class Kwastoma:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self._kudi = 0

    def saka_kudi(self, adadi):
        if adadi > 0:
            self._kudi += adadi

    def cire_kudi(self, adadi):
        if adadi <= 0 or adadi > self._kudi:
            return False
        self._kudi -= adadi
        return True

    def duba_kudi(self):
        return self._kudi
```

Yanzu dokar "kada a cire abin da ya fi abin da ke ciki" tana wuri ɗaya tak. Ko wurare ɗari ne ke cire kuɗi, duk ta `cire_kudi` za su bi. Idan gobe ka yanke shawarar barin naira hamsin a kowane asusu, layi ɗaya za ka taɓa.

Dubi sharaɗin `adadi <= 0` da kyau. Ba don shi ba, mai wayo zai nemi a cire masa -500. Cire -500 daga 1000 yana ba da 1500, wato ya ƙara wa kansa kuɗi ta ƙofar fita. Irin wannan ramin ne killacewa ke ba ka damar toshewa sau ɗaya ka huta.

Ɗan layin ƙasa da ke gaban `_kudi` alama ce tsakanin maginan manhaja mai nufin "wannan na cikin gida ne, kada ka taɓa daga waje". A Python alkawari ne kawai, yaren ba zai hana mai taurin kai ba. A Java da Kotlin akwai kalmar `private`, wadda ke hanawa da gaske, kod ɗin ma ba zai haɗu ba idan aka karya dokar.

Gado

Wannan shi ne inheritans. Sana'a ta bunƙasa, ka samu diloli masu sara a wajenka su sayar, kana yi musu ragin kashi 5 cikin 100. Dila yana da suna, yana da asusu, yana saka kuɗi yana cirewa, kamar kowane kwastoma. Bambancin kawai ragi ne. Ba sai ka sake rubuta komai ba. Da farko ƙara waɗannan metod biyu a ƙarshen kilas ɗin `Kwastoma`:

```
    def ragi(self, farashi):
        return 0

    def biya(self, farashi):
        return self.cire_kudi(farashi - self.ragi(farashi))
```

Sannan a ƙasa, daga farkon layi, ka buɗe sabon kilas:

```
class Dila(Kwastoma):
    def ragi(self, farashi):
        return farashi * 5 // 100
```

Sunan `Kwastoma` da ke cikin baka biyu yana nufin `Dila` ya gaji duk abin da `Kwastoma` ya mallaka. Layi uku kawai muka rubuta, amma dila yana iya saka kuɗi, ya cire, ya duba, ya biya. Abu ɗaya ya canza, wato `ragi`, kuma nasa ne zai yi aiki a madadin na uban. Kayan naira 1000, kwastoma zai biya 1000, dila zai biya 950.

Haka abin yake a cikin wayarka. A Android akwai babban kilas mai suna `View`, wanda kusan duk abin da kake gani a fuskar manhaja ya gada. `TextView`, mai nuna rubutu, ɗansa ne. `Button`, maɓallin da kake dannawa, da `EditText`, akwatin da kake rubutu a ciki, su kuma daga `TextView` suka yi gado. Shi ya sa umarnin da ake sa rubutu a ɗaya shi ne ake amfani da shi a sauran.

Sai dai gado yana da tarko: sabon koyo yakan so ya saka shi ko'ina. Kafin ka yi, gwada wannan jimla: "Kaza nau'in kaza ne." Dila nau'in kwastoma ne? Haka ne, to gado ya dace. Rasit nau'in kwastoma ne? A'a, kwastoma yana da rasit ne. A irin wannan, sai ka yi wa rasit kilas ɗinsa daban, ka ajiye objek ɗinsa a matsayin sifa cikin kwastoma. A manhajojin gaske wannan hanya ta biyu ta fi yawa.

Umarni ɗaya, aiki iri-iri

Sunansa a Ingilishi folimofizim, kuma sunan ya fi abin wuya. Shagonmu yana sayar da data da katin waya. Yadda ake tura kowanne daban ne, amma mai shago umarni ɗaya yake son bayarwa: aika.

```
class Data:
    def __init__(self, girma, farashi):
        self.girma = girma
        self.farashi = farashi

    def aika(self):
        return "An tura data " + self.girma

class Kati:
    def __init__(self, farashi):
        self.farashi = farashi

    def aika(self):
        return "An tura kati na N" + str(self.farashi)

def sayar(mai_saye, kaya):
    if mai_saye.biya(kaya.farashi):
        print(kaya.aika())
    else:
        print("Kudin bai isa ba")
```

Gwada shi da farashin misali:

```
musa = Dila("Musa")
musa.saka_kudi(2000)
sayar(musa, Data("1GB", 1000))
sayar(musa, Kati(500))
print(musa.duba_kudi())
```

Musa ya biya 950 na data da 475 na kati, saura 575.

Yanzu koma ka kalli fankshin ɗin `sayar`. Babu inda ya tambaya ko kayan data ne ko kati. Babu inda ya tambaya ko mai sayen dila ne ko kwastoma. Yana cewa `biya`, yana cewa `aika`, kowane objek ya amsa da irin tasa hanyar. Amfanin wannan sai ranar da ka ƙara sabon kaya zai fito fili. Ka fara sayar da katin wutar lantarki? Rubuta kilas mai suna `Wuta`, ka ba shi `farashi` da `aika`, shi ke nan. Ba za ka taɓa ko baƙi ɗaya a cikin `sayar` ba, kuma kod ɗin da ba a taɓa ba ba ya samun sabon kuskure.

Sakaya

Na huɗu shi ne abstirakshan: nuna wa mai amfani abin da yake buƙata, a sakaya masa wahalar da ke baya. Idan ka danna "tura" a WhatsApp, ana rufe saƙon da makullin sirri, a aika shi ta intanet, a sake gwadawa idan sabis ya yanke. Kai maɓalli ɗaya ka gani.

A manhajar gaske, `aika` ɗinmu zai tuntuɓi uwar garken kamfanin da ke ba ka data, ya jira amsa, ya duba ko ta yi nasara. Wannan na iya kai layi hamsin. Amma wanda ke rubuta `sayar` bai damu ba, ya san dai idan ya kira `aika` kaya za su tafi. Idan ka canza kamfanin da kake sara a wajensa, cikin `aika` kaɗai za ka gyara. Bambancinsa da killacewa shi ne, killacewa tana kare bayani daga hannun da bai dace ba, sakaya kuma tana rage abin da mutum zai riƙe a kansa kafin ya yi amfani da kilas ɗinka.

Kurakuran da za ka ci karo da su

Jan rubutu zai fito maka, wannan ba makawa. Ka riƙa karanta layin ƙarshe na saƙon, a nan bayanin yake.

Idan ka ga `takes 0 positional arguments but 1 was given`, ka manta `self` ne a cikin baka biyun metod. Python ya miƙo objek ɗin amma babu gurbin karɓar sa.

Idan ka ga `Kwastoma() takes no arguments`, duba `__init__` ɗinka. Layin ƙasa biyu ne a gaba, biyu a baya. A allon rubutun waya yana da sauƙi mutum ya sa ɗaya-ɗaya.

Idan ka nemi kuɗi sai ka ga wani rubutu mai ɗauke da `bound method`, ka rubuta `audu.duba_kudi` babu baka biyu a ƙarshe. Ba tare da su ba, ka nuna metod ɗin ne kawai, ba ka sa shi aiki ba.

Idan ka ga `IndentationError`, matsar da layukanka bai daidaita ba. Bayan kowane layi da ya ƙare da ruwa biyu, na ƙasa sai ya shiga ciki, kuma al'ada ita ce tazara huɗu.

Akwai kuma wanda ba ya fito da jan rubutu ko kaɗan. Idan ka rubuta `sani = audu`, ba ka samar da sabon kwastoma ba, laƙabi ka ƙara wa Audu. Duk kuɗin da ka cire ta `sani` daga asusun Audu yake fita. Sabon objek ba ya samuwa sai an kira kilas, kamar `Kwastoma("Sani")`.

Yadda za ka ci gaba

Ba kowane aiki ne ke buƙatar kilas ba. Idan kod ɗin layi goma ne da zai lissafa maka riba, fankshin ɗaya ya isa. Alamar da za ta nuna maka lokacin kilas ya yi ita ce, ka ga kana yawo da bayanai iri ɗaya daga wannan fankshin zuwa wancan, ko kana maimaita doka ɗaya a wurare da yawa.

Kafin ka fara kowace manhaja, ɗauki takarda ka bayyana aikin da Hausa a jimla biyar ko shida. Ja layi a ƙarƙashin sunaye: kwastoma, data, rasit. Daga cikinsu kilas ɗinka za su fito. Zagaye aikatau: biya, aika, duba. Su ne metod. Wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa, amma tana fitar da sabon koyo daga zaman kallon farin fili.

Kallon bidiyo kaɗai ba ya koyar da wannan abu, sai yatsa ya buga, kod ya ƙi aiki, an nemo dalili. Don haka ga aikin gida guda uku, ka bi su a jere. Na farko, rubuta kilas ɗin `Wuta` ka sayar wa Musa ba tare da ka taɓa `sayar` ba. Na biyu, ƙara wa `Kwastoma` sifa mai suna `tarihi`, wadda za ta fara a matsayin jeri babu komai a cikin `__init__`, ta yadda duk sayen da ya yi nasara zai shiga ciki, sannan ka rubuta metod da zai fito da su da `for`. Na uku, rufe wannan shafin gaba ɗaya, ka zaɓi wata sana'a da ka sani ciki da waje, ko shagon cajin waya ne, ko adashi, ko littafin bashin mai kanti, ka gina mata kilas biyu daga kanka.

Idan ka kammala na ukun, ka shirya wa darasi na gaba, inda za mu ga yadda ake adana kwastomomin nan a cikin fayil, don kada kuɗinsu ya ɓace duk lokacin da aka rufe manhajar.